Akuyar da Baba Ya Kai wa Allah

Ruwan ya sauko ne ranar Alhamis da la'asar, bayan shekara biyu muna ɗaga kai sama har wuyanmu ya gaji. Ina tsakar gida ina bakace ɗan tsakin jar dawar da aka raba mana a Dawakin Tofa, sai na ji iska ta juya, ta zo da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga gabas. Ban yarda ba. Sau nawa hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin, ya cika mana kunne da tsawa, sannan ya tattara ya yi gaba ya bar mu baki buɗe? Amma wannan karon ɗigo na farko ya faɗo cikin faifaina, na biyu a goshina, kafin in miƙe tsaye sama ta ɓalle.

Ba wanda ya zauna a ɗaki a Unguwar Ɗorawa ranar nan. Mata sai guɗa. Tsofaffin da suka yi wata ba su taka ƙofar gida ba sai ga su a waje suna tara hannu suna sha. Maƙwabtanmu Musulmi na gangaren rafi suna ta kabbara, mu kuma a nan tudu muna rera waƙar yabo, kowa ya kama baitin da ya zo masa baki, ba wanda ya damu. Amma duk mai murna a bayan Baba yake. Mahaifina Dallatu, mutum mai shekara saba'in da ɗoriya, ya tuɓe riga ya ɗaura a ƙugu, yana tsalle cikin taɓo yana cewa, "Ya ji! Wallahi ya ji ni!" Na yi ta dariya har cikina ya ƙulle. Da na san abin da wannan "ya ji ni" ke nufi, da dariyar ta maƙale mini a wuya.

Ni ce autarsa, Maryamu. Mijina Sama'ilu ya tafi Kurmi neman aiki tun da farin ya shiga shekara ta biyu, ni kuwa na dawo gidan Baba da goyon 'yata Nana. Tana wata biyar nonona ya ƙafe, don wadda ke kwana da ganyen tafasa da ruwan dusa ba ta da abin da za ta ba wani. Abin da ya riƙe ran Nana shi ne Kyalla, jar akuyarmu mai farin goshi. Ita kaɗai ta rage a garken da a da ya cika bayan gida. Ɗanta ya mutu, amma nononta bai tsaya ba, domin kullum sai na bi gindin gawo ina tsinto mata 'ya'ya, in babu a ƙasa in hau in sassabo ganye. Ƙoƙo ɗaya da safe, rabi da yamma. Nana tana wata takwas a lokacin, kuma ba ta karɓar kunu, in an ɗura mata sai ta dawo da shi. Maganar a fili take, kowa a unguwa ya sani: ranar da Kyalla ta tafi, Nana za ta bi ta.

Kafin in kai ga safiyar Juma'a, sai na faɗi wane ne Baba. Mu Maguzawa ne, kuma shekara huɗu kacal ke nan da Baba ya shiga ruwan baftisma. Kafin nan, shekara arba'in shi ke yi wa zuriyarmu yanka a gindin jigo, wato sandar nan mai baki biyu da ake kafawa a gida saboda iskoki. Ya san wadda ke son jan zakara, ya san wadda sai baƙar akuya, ya san inda ake zuba jini da abin da ake faɗa. Ranar da ya tuba, da hannunsa ya tumɓuke jigon ya cusa a murhu. Amma a majami'a, in za a faɗi gaskiya, Baba baƙo ne. Bai iya karatu ba, waƙoƙin sun ƙi zama a bakinsa, da an fara wa'azi kuwa sai ka ga haɓarsa ta sauka a ƙirji.

Mai bishararmu Malam Inuwa ne. Mutumin kirki, ba shi da abokin faɗa, sai dai in ya kama magana sai ya faro ta daga kakan kakanta. A ranin nan ya ce zai bi da mu cikin dokokin da Allah ya ba Musa game da hadayu, daki-daki, in ya gama sai ya faɗa mana ma'anarsu. Lahadin farko da ya karanta yadda mutum zai kawo dabba marar aibi ƙofar wurin sujada, ya ɗora hannu a kanta, a yanka, a yayyafa jinin, sai na ga Baba ya buɗe ido ɗaya. Da aka zo kan kitse da ƙoda da yadda ake jera itace, ya buɗe na biyun, ya matso har gaban tabarma.

"Malam, sake karanta wurin nan," in ji shi, ana tsakiyar sujada.

Malam ya sake karantawa.

"Kai, wannan Musa ya san aiki," Baba ya ce, yana duban jama'a yana gyaɗa kai. "Har wankin kayan ciki bai manta ba."

Aka fashe da dariya, amma shi ba da wasa yake ba. Tun daga ranar shi ke riga kowa zuwa. Hadaya ta ƙonawa, ta gari, ta salama, ta zunubi, duk ya haddace su, a gida yana maimaita mini ina daka. Na ji daɗi ƙwarai, don karo na farko ke nan da na ga Baba ya sami wurin zamansa a cikin Littafin Allah. Lahadi bakwai Malam Inuwa yana karatu, kullum ma'anar sai mako mai zuwa.

Mako biyu kafin ruwan muka taru roƙon ruwa, kowa yana addu'a bi da bi. Sai Baba ya miƙe, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Ubangiji, ka ba mu ruwa. In ka ba mu, ni Dallatu zan kawo maka mafi kyau a garkena, marar aibi, nan ƙofar ɗakinka." Muka ce amin. Ni ce ma na fi kowa ɗaga murya, don alfahari ya cika ni, Baba ya iya addu'a a gaban mutane. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa garken nan akuya ɗaya ce a cikinsa.

To, Juma'a gari ya waye da sanyi da kukan kwaɗi. Ranar shuka ce, ranar da muka yi shekara biyu muna mafarki. Na goya Nana, na ɗauki ƙoƙon tatsa, na zaga bayan rumbu ina 'yar waƙata. Turke kawai na tarar. Na ce ko ta tsinke ne ta bi ɗanyen ƙanshi, amma ba guntun igiya a jikin turken, kwance ta aka yi. Na leƙa ɗakin Baba, ba ya nan, wuƙarsa da ke soke a jinka ita ma ba ta nan. Busasshen itacen da na ɓoye a rumfa saboda damina an kwashe rabi. Duk da haka kaina bai kawo ba, sai da na ga ɗan ƙullin gishirina ma ya ɓata. Nan take na tuna Malam ya karanta cewa ba a miƙa hadaya ba tare da gishiri ba, Baba kuwa ya kwana biyu yana yaba wannan dokar.

Na kurma ihu, na ƙara tamke goyo, na kwasa a guje.

Tsakanin gidanmu da majami'a ba jeji ko taku ɗaya, gona ce a jikin gona, kuma safiyar nan kowace cike take da mutane. Maza na sara da sungumi, mata na bin sawu suna jefa iri suna rufewa da diddige, ana waƙa ana tsokanar juna. Ni kuwa na ratsa ta tsakiyar shukar mutane, abin da ko mahaukaciya ba ta yi.

"Ke Maryamu, kin makance ne? Shukata kike takawa!"

"Baba zai yanka Kyalla!"

"Wace Kyallar? Ta Nana?"

"A majami'a!"

Ba sai na ƙara bayani ba, duk suna wurin ranar roƙon ruwa, duk sun ce amin. Sai dai ko cikin wannan ruɗun ba wadda ta yar da ƙwaryar iri. Sai da kowace ta ajiye tata a hankali, ta rufe da faifai, ta ɗora dutse, sannan ta tattare zani ta biyo ni. Kafin in kai gangare na waiga na ga mutum ya fi ashirin a bayana, masu ihu na yi, masu dariya na yi, wasu ma ba su san abin da ake bi ba.

A bakin rafi na ci karo da Kassimu. Tsoho ne sa'an Baba, Musulmi, tare suka yi kiwo suna yara, har yau kuma ba ranar da za ta wuce ba su zauna sun zagi juna sun rabu da dariya ba.

"Baba Kassimu, ka ga Baba?"

"Ya wuce tun ɗazu, itace a ka, akuya a hannu, yana waƙa da muryar nan tasa mai korar tsuntsaye. Na ce Dallatu ina zuwa, ya ce wurin Maigida. Na ɗauka gidan dagaci za shi."

"Yanka ta zai yi! Alkawari ya yi wa Allah!"

"Innalillahi! Tsohon nan ba zai bar mu mu yi shuka cikin kwanciyar hankali ba." Ya saɓa sunguminsa a kafaɗa ya biyo ni.

Rafin da ya shekara biyu yashi ne zalla, ranar nan ruwa ya kai gwiwa. Na faɗa ciki ban ko tsaya ba, ƙoƙon tatsa ya suɓuce ya bi ruwa. Muna haurawa sai ga ƙarar ƙarfen majami'a, tsohon ƙarfen tayar motar nan da aka rataye a darbejiya, ana dukansa ba ƙaƙƙautawa. Na zube a ƙasa. Na ce shi ke nan, ya gama, kiran mutane yake su zo su gani.

"Ke, tashi!" Kassimu ya daka mini tsawa yana haki. "Wanda ya yanka fiɗa yake yi, ba dukan ƙarfe ba. Gudu!"

Ban san inda na sami sauran ƙarfin ba. Na shawo kwanar shingen majami'a, sai ga su. Baba ya tattaro duwatsu ya gina bagade, wato wurin miƙa hadaya, daidai ƙofar ɗakin sujada, ya jera itacena a kai tsaf, tsaye da kwance. Ya sa farar rigarsa ta baftisma. Kyalla kuwa an wanke ta tas har tana ƙyalli, tana kwance a gefe an ɗaure ƙafafunta huɗu, tana kuka. Da rai. Abin da ya cece ta shi ne tsananin bin ƙa'idar Baba. Littafi ya ce sai firist, wato malamin da ke miƙa hadaya, yana tsaye ya karɓi jinin, Malam Inuwa kuwa yana gonarsa, shi ne Baba ya kama ƙarfe yana kiransa, wuƙa a hannu ɗaya, guduma a ɗayan.

Na zube a kan akuyar na rungume wuyanta, Nana na tsala kuka a bayana.

"Sai dai ka haɗa da ni!"

"Tashi, Maryamu, kada ki ɓata mini hadaya. Dubi taɓon da kika shafa mata."

"Baba, nonon Nana ne! Me za ta sha? Hayaƙi?"

Daga nan bakina ya kuɓuce. Na ce tsufa ya taɓa masa kai. Na ce jigon waje ya ƙona a murhu, na cikin zuciyarsa yana nan a kafe. Na faɗa masa maganganun da 'ya ba ta faɗa wa uba, a gaban jama'a, har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ana haka Malam Inuwa ya iso, wando a naɗe, taɓo har cinya, yana tambaya ko gobara ce. Ya dubi duwatsu, ya dubi itace, ya dubi wuƙa, sai ya dafe kai.

 Baba ya ajiye gudumar, ya dube ni, ya ce, "Kina tsammani ban san nonon Nana ba ne? Saboda Nana nake yi."

Ya matso kusa da ni, ya ci gaba.

"Kafin a haife ki ina da ɗa, Sabo. Sunansa kawai kika sani. Wata shekara na yi wa iskar nan Uwar Gona alkawarin baƙar akuya in gero ya yi. Gero ya yi, har rumbu ya ƙi ɗauka. Akuyar tana da ciki, sai na ce bari ta haihu tukuna. Wayo na yi. Ba a yi kwana ashirin ba Sabo ya kwanta, kwana shida muka kai shi. Shekararsa uku." Ya dubi Nana. "Wanda ka yi wa alkawari, in ba ka kai masa ba, da kansa yake zuwa ya zaɓa. Iska ma ta yi mini haka, balle wanda ya yi sama da ƙasa? Kunu ko ba ta so a yi ta ɗura mata, wataƙila ta rayu. Amma in shi ya zo ɗauka, wa zai tare masa ƙofa?"

Ban taɓa jin wannan labarin ba, ko daga bakin Inna kafin ta rasu. Fushina ya zube gaba ɗaya, tsoro ya maye gurbinsa. Ni da aka yi wa baftisma tun kafin Baba, ni da na iya karatu, sai na ji hannuna ya fara sassauta wuyan Kyalla, ina cewa a raina, in kuma gaskiyarsa ne fa?

Na dubi Malam Inuwa. Na ce yau in ya faro daga Adamu mun shiga uku. Amma sai ya jingine sunguminsa, ya durƙusa a gaban Baba kamar ɗa.

"Baba, laifina ne. Mako bakwai ina nuna maka hanya, ban kai ka inda ta nufa ba. Ka fi ni sanin aikin nan, don haka faɗa mini. In mutum ya ɗora hannu a kan dabba, me yake cewa?"

"Cewa yake, ga rai, karɓi wannan ka bar mini nawa."

"Haka yake a Littafi ma. Dabba nawa ka yanka a shekara arba'in?"

"Wa ya ƙirga?"

"Akwai ranar da ka yanka ka ce to, an gama, ba za a sake nema ba?"

Baba ya dubi wuƙarsa. "Ba a gamawa," ya ce. "Baɗi ma sai an nema."

"Mutanen Musa ma haka suka yi ta yi, shekara da shekaru. Abin da ake koya musu ke nan: laifin mutum ba abin wasa ba ne, rai yake ci, kuma ran dabba ba ya isa. Shi ya sa daga ƙarshe Allah bai ce a kawo masa ba, shi ya kawo. Ya ba da Yesu Almasihu, marar aibi, sau ɗaya tak, ya ce ya isa. Ma'anar ke nan da nake ta cewa sai mako mai zuwa. Allah ba yunwa yake ji ba, Baba. Ba ya bin gidaje yana ɗaukar 'ya'yan mutane a maimakon akuya."

"Amma na yi alkawari da bakina," in ji Baba. "Kowa ya ji. Wannan da ke zagina ma ita ta fi kowa cewa amin."

Wasu suka tuntsire da dariya, ni dai na sunkuyar da kai.

"Za ka cika shi, yanzu ma kuwa," Malam ya ce. "Maryamu, matsa. Baba, ɗora hannunka."

Na matsa, amma ban saki igiyar ba. Baba ya durƙusa ya ɗora tafinsa a kan farin goshin Kyalla, yadda ya saba.

"Ka ba Allah ita?"

"Na ba shi."

"Gaba ɗaya? Ba ka da sauran iko da ita, ba kyauta, ba sayarwa?"

"Gaba ɗaya."

"To ni da aka sa in tsaya a ƙofar nan, na karɓa a gaban shaidu. Daga yau Kyalla ta Allah ce. Kai kuwa dattijo ne, ka san ba a sa wuƙa a wuyan akuyar wani. Mai ita yana da jaririya da yake so a shayar, kuma yana neman makiyayi mai hawa gawo. Ka huta da yanka, ka koma kiwo."

Wayyo, zo ka ga wuri ya kaure! Mata suka saki guɗa, maza na tafi, wani ya ɗauki gudumar ya shiga dukan ƙarfe don murna. Na ji kamar in yi tsalle da goyona. Amma da na dubi Baba sai na ga bai tashi ba, kuma bai saki wuƙar ba. Sannu a hankali hayaniyar ta lafa.

"Malam, ka iya magana, na kuma ji," ya ce. "Amma Sabo fa? In ba a ɗauka, wa ya ɗauki Sabo?"

 Malam Inuwa ba ɗan garinmu ba ne, lokacin ma ba a haife shi ba. Karo na farko ke nan da na ga magana ta ƙare masa.

Sai Kassimu ya ratso mutane, har yanzu yana haki.

"Dallatu, ni ban san littafinku ba, amma shekarar nan na san ta. Shekarar da rumfunan kasuwa suka ƙone ce ko?"

"Ita ce."

"Ƙyanda ce."

"Na ga ƙurajen. Hannun iskar ne."

"Ƙyanda ce, na ce maka! Yara goma sha ɗaya aka binne a wata ɗaya tsakanin tudu da gangare. Har da Rahmatu tawa, ta fari. Ka zo mini gaisuwa, na je maka, ko ka manta? Ni ban yi wa wata iska alkawarin ko kaza ba. Sha ɗaya, Dallatu. Duk akuyarka ce ta kashe su?" Ya dafa kafaɗar Baba. "Kullum muna zaune tare, ashe abin da kake ɗauke da shi ke nan shekara talatin da biyar, ba ka taɓa faɗa mini ba, tsohon banza."

 Baba ya juya ga akuyar, ya gyara riƙon wuƙa, ya sunkuya.  Sai ya zura wuƙar tsakanin ƙafafunta ya yanke igiyar.

Kyalla ta zabura ta miƙe, ta karkaɗe jiki ta watsa wa Malam ruwa a fuska, ta nufi kan bagade kai tsaye ta kama lasar gishirina. Jama'a suka sake ɓarkewa, wannan karon har da masu birgima. Wata tsohuwa tana ta cewa a bar ta ta sha, ai ta Allah ce, wa ya isa ya hana ta.

Nana kuwa muryarta ta dishe da kuka, rana ta ɗaga ba ta sa komai a ciki ba. Na laluba ƙoƙo na tuna ya bi rafi. Baba ya miƙo mini wata sabuwar ƙwarya da ya ajiye a gindin duwatsun, wadda ya zo da ita don tarar jini. A cikinta na tatsa. Aka zaro itace uku daga kan bagade aka hura wuta, aka aro 'yar tukunya a gidan Malam aka ɗumama nonon.

"Jama'a, ƙasa na shan iska!" Malam Inuwa ya ɗaga murya. "Kowa ya koma gonarsa. Sauran bayanin sai ranar Lahadi."

"A'a, Malam, wannan ya ishe mu!" wani ya amsa daga baya, aka watse da dariya, kowa na gudu ya tarar da ƙwaryar irinsa.

Muka rage mu kaɗan. Baba ya ce in kwanto masa Nana. Ya zauna a kan duwatsun da ya tara, ya ɗora ta a cinya, ya kafa mata bakin ƙwaryar. Ta kama da hannu biyu tana zuƙa, tana ajiyar zuciya. Kassimu ya zauna kusa da shi, ya miƙe ƙafafu yana cire taɓo daga tsakanin yatsu.

"Kassimu."

"Na'am."

"Sha ɗaya ka ce?"

"Sha ɗaya."

"Ƙyanda."

"Ƙyanda ce, Dallatu."

Baba ya gyaɗa kai. Hawaye suka gangaro ta cikin gemunsa suna ɗiga a farar rigar, amma bai ɗaga hannu ya share ba, don kada ƙwaryar ta karkace.

"Sake faɗa mini," ya ce.